Injin niƙa da aikin bishara: amsa ga mai bishara da za a tura ƙasar Zuru

Wani saurayi mai bishara ne ya aiko mini da wannan tambaya. Ya yi difiloma a fannin noma kafin ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki, yanzu kuma ikilisiyarsu za ta tura shi wani ƙauye a ƙasar Zuru, inda ake da masu bin addinin gargajiya, da Musulmi, da gidajen masu bi 'yan kaɗan. An gaya masa gaskiya cewa ba ƙarfin biyansa albashi. 'Yan'uwa a birni sun haɗa masa ɗan jari, shi kuwa yana tunanin kafa injin niƙa da ƙaramin shagon taki da iri. Ya ce: "Baba, ya dace a haɗa aikin Ubangiji da neman riba? Wani ya ce in ɓoye cewa ni mai bishara ne sai na zauna da gindina. Wani kuma ya ce in riƙa yi wa masu zuwa sujada rangwame. Ta ina zan fara?"

Ɗana, na farkon ba shi da wuyar amsawa. Ya dace. Manzo Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu matarsa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18 ya nuna, ya kuma tuna wa dattawan Afisa a sura 20 cewa hannuwansa ne suka biya bukatunsa da na abokan tafiyarsa. Shi ɗin dai ne ya ce a 1 Korantiyawa 9 mai shelar bishara yana da hakkin ci daga bishara, ya kuma karɓi gudummawar Filibiyawa. Saboda haka kada sana'arka ta zama hujjar da ikilisiya za ta wanke hannunta daga kanka. Ko buhun dawa ne a shekara, su ɗauki alkawarinsa su cika.

Hanyar ma ba sabuwa ba ce. William Carey, ɗan mishan na Ingila da ya je Indiya a 1793, da kula da masana'antar shuni ya riƙe iyalinsa a shekarunsa na farko. Ayarin da ya hau kogin Kwara a 1841, wanda Samuel Ajayi Crowther, da ya zama bishop daga baya, ke cikinsa, ya zo ne da tunanin a haɗa Littafi Mai Tsarki da garma, har aka buɗe gonar gwaji a Lokoja. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, gonar kuma ba ta yi nisa ba. Mishan ɗin Basel na ƙasar Switzerland ya kafa kamfanin ciniki a 1859, daga tsatsonsa ne kantunan UTC da iyayenmu suka sani suka fito, ka ga ke nan cinikin na iya girma har ya kama hanyarsa dabam. A Filato an yi shirin Faith and Farm, wato bangaskiya da gona, tun ƙarshen shekarun 1950, ana koya wa masu bi noma da shanun huɗa. A ƙasar da za ka kuwa, 'yan mishan ɗin da ikilisiyar UMCA (United Missionary Church of Africa) ta fito daga aikinsu sun shiga Zuru tun shekarun 1920, kuma tsofaffi har gobe suna tuna makarantunsu da asibitin Tungan Magajiya. Ba kai ne za ka fara sare dajin ba.

Shawarwari biyun da aka ba ka su ne suka hana ni barci, don na ga abin da kowacce ta haifa.

Ɓoye ko kai wane ne, kada ka soma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a ƙauye kuwa ya fi ƙurewa. Kafin ka sauke kayanka daga mota an san sunan garinku, an san majami'ar da kake zuwa. Ranar da ta fito cewa mai injin nan turo shi aka yi, duk alherin da ka yi a baya za a sake karanta shi a matsayin tarko, kuma ba kai kaɗai za ka sha ba, gidajen masu bin nan da ka tarar su ne za su zauna da abin bayan ka tafi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, sashe na 38, ya ba ka 'yancin yin addininka da yaɗa shi, don haka ba abin da za ka ɓoye wa. A makon farko ka ɗauki dattijo ɗaya daga cikin masu bi ya raka ka wurin mai unguwa da dagaci, ka gaishe su yadda ake gaishe da manya, ka ce: ni Kirista ne, ikilisiya ce ta turo ni in kula da 'yan'uwana da ke nan, ina kuma da sana'a da zan yi wa kowa. Ka je ka gai da liman. Ka gai da dattawan gargajiya. Wasu za su yi sanyi da kai, wannan ba komai. Sanyin da ya biyo bayan gaskiya yana narkewa, wanda ya biyo bayan yaudara ban taɓa ganin ya narke ba. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 4 sun rabu da ayyukan ɓoye na kunya, ba sa tafiya da wayo.

Rangwamen masu sujada kuma, bari in ba ka labarin abin da ya faru a hannuna. Shekaru da dama da suka wuce, muna wani aikin raya karkara na ikilisiya, muka sami taki muka yanke shawarar ba da shi bashi ga membobi kaɗai, a biya da kaka. Da damina ta kama, majami'ar da ba ta cika rabi ta cika har waje. Muka yi ta godiya, muka rubuta rahoto mai daɗi. Kaka na yi, kujeru suka koma yadda suke, bashin kuma mafi yawansa bai dawo ba, don an riga an sa masa suna kuɗin mishan. Wannan duk bai yi mini ciwo kamar abu na uku ba. Akwai wata gwauruwa maƙwabciyar majami'ar, ba Kirista ba ce, tana da marayu, gonarta na jikin ta wani memba. Nasa ya yi kore shar, nata ya yi ja. Ba ta taɓa cewa komai ba. Amma garin gaba ɗaya ya ga gonakin nan biyu, ya kuma fahimci abin da muka koyar ba da baki ba: Allahn waɗannan mutane nasu ne su kaɗai. Mun yi shekaru muna gyaran wannan ɓarna.

Yesu da kansa ya gaya wa taron da suka bi shi a Yahaya 6 cewa gurasar da suka ci ce ta kawo su. Ya ciyar da su, bai kuma yarda gurasa ta zama ƙofar shiga ba. A Matiyu 5 ya ce Uba na sa rana ta fito wa kowa, ruwa ya sauko wa kowa. Farashinka ya zama ɗaya, layinka ɗaya, mudunka ɗaya. Wanda ya riga zuwa shi za a fara niƙa wa, ko da matar dattijon ikilisiya ce a bayansa. Mutumin da talauci ya sa ya canza addini don buhun taki, ba ka ba shi bangaskiya ba, ka dai yi amfani da yunwarsa, kuma shi ma ya sani.

Akwai wani misali daga maƙwabtanmu da nake so ka riƙe. A Maraɗi ta Nijar, wani ɗan mishan na ƙungiyar SIM mai suna Tony Rinaudo ya yi shekaru yana dasa itatuwa suna mutuwa. Wajen 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona kututture ne masu rai a ƙasa, in aka bar reshe kaɗan aka sassabe sauran, itace zai tashi. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci: ka bar itatuwa a gonarka, ka sami hatsi. Mutane suka bi. Rabon na ƙarewa, da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka ga amfanin da idonsu, itacen girki, abincin dabbobi, iska ta daina binne shuka, su suka riƙe, kuma daga bakinsu dabarar ta bazu, manomi zuwa manomi, har ake ƙiyasta ta kai hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da aka ɗaura da abinci ya tafi da abincin. Abin da mutum ya gwada ya ga gaskiyarsa shi ya zauna.

Yanzu sana'ar kanta. Tambayar farko da zan yi maka: akwai mai injin niƙa a garin? In akwai, ka tsaya ka yi tunani sosai. Kai jarinka kyauta aka haɗa maka, shi nasa wataƙila saniya ya sayar. Kana iya karya farashi ka jure, shi ba ya iyawa. In ka kashe masa sana'a ka yi maƙiyi na har abada, da shi da danginsa, kuma da gaskiyarsu. Aikin raya gari ba ya farawa da karɓe abincin wani. Ka nemi gurbin da ba kowa a ciki. Kai da ka karanta noma, gurabe na nan da yawa. Akwai iri mai kyau da taki na gaskiya, don manomanmu sun gaji da taki da maganin feshi na jabu. Akwai allurar rigakafin kaji kafin annobar da ke share su da hunturu, wadda matan gari za su fi kowa gode maka a kanta, tunda kaji da awaki su ne bankinsu. Akwai kula da lafiyar shanun huɗa, da gyaran injin ban ruwa da famfon burtsatse, wanda sau da yawa ƙaramin abu ne ke lalacewa a bar shi shekara. Akwai buhunan PICS masu ruɓi uku da ke ajiye wake ba tare da an zuba masa guba ba, in dai waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda dam.

In kuwa ba injin a garin, mata na tafiya mai nisa da kwano a ka, to, injin alheri ne babba. Sai dai ka yi lissafinsa da alƙalami, ba da zuciya ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin duk wani inji ya canza. Ka ƙirga mai, da baƙin mai, da bel, da farantan niƙa da ke cinyewa, da ladan yaron da zai taya ka, da abin da za ka riƙa warewa kullum don ranar da injin zai tsaya cak. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Ciniki na shigowa, ana ci, ana ganin riba ce, ashe injin ake ci. In bayan duk wannan mudu nawa ake niƙawa a rana bai biya ba, kada ka ce bangaskiya za ta cike giɓin. Sana'ar da ba ta iya tsayawa da ƙafarta sai an riƙa turo mata kuɗi daga birni, ba sana'a ba ce, kuma ranar da masu turowa suka gaji, garin zai ga aikin Allah ya mutu a tsakar kasuwa.

Ka san ciwon manomin ƙasarmu: da kaka ya sayar da araha don biyan bashi da hidimar biki, da bazara ya sayo da tsada. Jihar Kebbi na noma shinkafar da ake ji da ita, ga albasar Aliero, ga kifin Yauri, ga manyan injinan shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi, amma ƙaramin manomi na nan inda yake saboda wannan zagayen. Za ka ji sha'awar sayen hatsi ka ajiye. Ka yi hattara. Farashi ba kullum yake tashi ba, waɗanda suka tara hatsi suka ga yadda ya faɗi a 2025 za su gaya maka. Sannan Karin Magana 11:26 ya ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi, kuma mai bishara da rumbunsa ke cike ana yunwa ya gama wa'azinsa. Abin da ya fi shi ne manoma su ajiye nasu da kansu a ƙungiya, kai ka taimaka da dabara da rubutu.

Wannan ya kawo ni kan bashi, wanda shi ne kabarin yawancin irin waɗannan ayyuka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai bishara da ya zama mai bin bashi ya shiga tsaka mai wuya. In ka matsa, a ce ina ƙaunar da kake wa'azi. In ka ƙyale, jari ya narke. Wanda kake binsa kuwa zai daina zuwa sujada don kunyar haɗa ido da kai. Ko gwamnati da ƙarfinta, shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya sha fama wajen karɓo kuɗinsa, don da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne. Shagonka ya zama na kuɗi hannu. In ka ga mabukaci na gaske, ka ba shi kyauta daga aljihunka gwargwadon ƙarfinka, ka ce masa kyauta ce, a wuce wurin.

Bukatar rance kuwa, ka bar ta ga asusun mutanen da kansu. Tsarin da na fi yarda da shi ba ma daga ikilisiya ya fito ba. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta fara shi a Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, an gina shi a kan adashin da iyayenmu mata suka sani. Mutum kamar ashirin ko fiye kaɗan, suna haɗuwa duk mako, kowa na zuba abin da ya iya, akwati mai kwaɗo uku da makullai a hannun mutum uku dabam, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Suna ba juna rance, suna ware ɗan abu don rashin lafiya da rasuwa, bayan kamar shekara a raba. Kuɗinsu ne, shi ya sa ake biya. Kai kada ka riƙe makulli, kada akwatin ya kwana gidanka, kada ka zuba kuɗin waje a ciki. Zumuntar matan ikilisiya za ta iya farawa, amma a yi taron a inda maƙwabciya Musulma za ta zauna ba tare da mijinta ya ji wani abu ba, ƙarƙashin itace ko zauren mai unguwa. Maganar kuɗin ruwa kuma a zauna a warware ta tun farko. Musulmi ba sa cin riba a kan rance, mu ma Fitowa 22:25 ya gargaɗe mu a kan yi wa matalauci haka. Ana iya sayen kayan da mutum ke bukata a sayar masa a kan farashin da aka yarda, ya biya a hankali, ko a raba ribar sana'ar.

Kafin ka tashi, ka sa dattawan da suka turo ka su rubuta abu ɗaya a takarda: jarin nan na wane ne? Naka ne, ko na ikilisiya, ko rance ne? In aka yi maka canjin wurin aiki bayan shekara huɗu, injin zai bi ka ko zai zauna? Na ga 'yan'uwa da suka yi shekaru suna cin jibin Ubangiji tare sun daina gaisawa a kan wannan tambayar da ba a yi ta da wuri ba. Kuɗin baikon ikilisiya da na shago kada su taɓa haɗuwa a aljihu ɗaya. Ka yanka wa kanka albashi daga shagon, ka tsaya a kansa, wani dattijo kuma ya riƙa duba littafinka duk wata uku.

Ka tambaye ni ta ina bishara za ta shiga cikin duk wannan. Ɗana, tana ciki tun daga mudu. Maimaitawar Shari'a 25 ya hana mutum riƙe ma'auni biyu, babba da ƙarami. Yakubu 5 ya ce ladan ma'aikacin da aka danne yana kuka. Matar da ta kawo dawa mudu uku ta koma da garin mudu uku, ba a rage mata a bakin injin ba. Manomin da ka gaya masa gaskiya cewa maganin nan ya kusa lalacewa, kada ya saya. Yaron shagonka, ko ɗan wane ne, da kake biyansa ranar da ka ce, kake kuma barinsa ya je sallar Juma'a ba tare da ɓata fuska ba. Mutanen da za ka zauna cikinsu, musamman Dakarkari, wato Lelna, sun gaji al'adar golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Al'ummar da ke auna mutum da irin wannan ma'auni ba ta saurin ruɗuwa da daɗin baki. Za su dube ka damina biyu, uku. Daga nan ne wani zai zauna a bencin shagonka bayan magariba ya tambaye ka abin da ya sa kake haka. Ranar sai ka buɗe baki ka faɗa masa sarai, ba kunya, ba kuma zagin abin da yake bi. In ya ce a'a, gobe ka niƙa masa hatsinsa kamar jiya. Ka koyi C'lela ko harshen da ake yi a garin, ko da kowa na jin Hausa, don maganar zuciya da harshen uwa ake yinta. Yara kuwa, kada ka koya wa ɗan kowa addini ba da sanin iyayensa ba, ko da yaron ne ya biyo ka.

Sai dai lokaci zai yi maka gardama. Injin na da safe da yamma, ga ranar kasuwa, ga zuwa Zuru sayo kaya. Ziyarar marasa lafiya, da koyar da masu bi, da shirin wa'azi su ne za su fara ramewa, don ba wanda ke tsaye a ƙofa da kwano yana jiransu. Ka ware ranaku ka rufe shago, ka kuma fara koya wa wani saurayin garin aikin tun watan farko, har ya iya riƙewa ba kai.

Tsaro ba zan yi dogon bayani ba, kai ma ka san halin da Danko-Wasagu da Sakaba da kewaye suka shiga a hannun 'yan bindiga, garuruwa nawa aka tasa, gonaki nawa aka bari. Kada ka zuba jarin duka a abin da ba ya ɗaukuwa. Kada ka tara kuɗi ko kaya masu yawa a gida. Kada a riƙa jin cewa ana turo maka kuɗi daga wani wuri. In mutanen gari suka ce yau ba a kwana gida, ka bi su, sun fi ka sanin dajinsu. In kana da iyali, ka fara zuwa kai kaɗai.

Abin da zan so ka yi yanzu shi ne ka bar kuɗin nan a banki tukuna. Ka je ka yi damina ɗaya a garin, ka ari gona ka noma, ka shiga gayya, ka je jana'iza da suna. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da mutane ke fita nema a wani gari, da nisan tafiyar, da abin da suke kashewa, da wanda ke yin kowace sana'a a garin. Ka tambayi mata dabam, don amsarsu ba za ta zama ɗaya da ta maza ba. Bayan an yi girbi ka kawo mini littafin, mu zauna da kai da dattijon da zai riƙa duba lissafinka, mu ga ko injin ne ko wani abu dabam.